Ƙananan dabbobin tangaran masu tambarin Wade: daga ina suka fito, kuma nawa suka kai?

Tambaya: Ina sayar da kayan kicin na gwanjo. A cikin wani kwalin farantai da kofuna da ya zo daga Ingila na tarar da ƙananan dabbobi na tangaran, kowanne bai kai tsawon yatsa ba, a gindin wasu an rubuta WADE ENGLAND. Wane kamfani ne wannan? Tsofaffi ne? Suna da wata daraja, ko in bar wa yara su yi wasa da su?

Amsa: Hajiya, abin da ya faɗo hannunki su ake kira Wade Whimsies, ƙananan dabbobin da gidan Wade na garin Burslem a Ingila ya fara fitarwa kasuwa a 1954. Gaskiyar magana, yawancinsu ba su da tsada, domin da miliyoyi aka buga su. Amma a cikinsu akwai 'yan tsiraru na shekarun 1950 da masu sha'awar tara su ke nema ido rufe. Don haka kada ki ba yara tukuna. Ƙanana ne, yaro zai iya haɗiyewa, kuma tangaran idan ya fashe bakinsa yana yanka. Ban da haka, da zarar kunne ɗaya ya ɓantare, darajar ta tafi ke nan.

Kafin ki iya tantance su sai kin san abu ɗaya game da gidan da ya yi su: asalin sana'arsu ba kayan ado ba ce. Kayan masana'antu suke yi, irin tangaran ɗin nan da ake gani a saman falwaya yana riƙe da wayar lantarki. Da injinan wannan aiki aka buga dabbobin. Nauyinsu, siffarsu, arharsu, har da irin lahanin da ake samu a jikinsu, duk daga nan suka samo asali.

Burslem ɗaya ne daga garuruwa shida da aka haɗe a 1910 suka zama Stoke-on-Trent, cibiyar tangaran ta Ingila. A nan aka haifi fitaccen maƙerin tangaran Josiah Wedgwood a 1730. Yankin na da kwal da yumɓu, farin yumɓun da ake kira kawolin kuma daga Cornwall ake kawo shi, irinsa ne ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Dangin Wade sun shiga sana'ar tun 1867, amma ba kamfani ɗaya suka kafa ba. Sun rabu gida uku, kowa da abin da ya sa gaba. Wani reshe yana yin tukwanen shayi da kayan tebur, shi ne ya zama Wade Heath daga baya. Wani yana yin tayil, ya zama A. J. Wade. Na uku, wanda ya zama George Wade & Son, yana yin ƙananan kayan aiki: 'yan zobba da ƙugiyoyin tangaran da zare ke bi ta cikinsu a masaƙun auduga na Lancashire, da bakin fitilun gas, sannan da lantarki ya yaɗu, sai insuleta, wato tangaran ɗin nan mai riƙe wayar lantarki. Idan kika ga an rubuta cewa kamfanin ya samo asali tun 1810, ba ƙarya ba ce tsagwaronta, amma akwai ɗan ƙarin gishiri. A 1905 ne suka sayi kamfanin wani abokin hamayyarsu, Henry Hallen, wanda shi ne aka kafa a 1810, sai suka gaji shekarar tare da masana'antar.

Mutumin da ya ɗinke gidajen nan shi ne George Albert Wade, wanda aka haifa a 1891. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya shiga aikin mahaifinsa. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya a rundunar masu bindiga mai sarrafa kanta, ya samu lambar yabo, daga baya ya kai muƙamin kanar, a 1955 kuma aka ba shi sarautar Sir. A shekarun 1930 ragamar rassan ta fara komawa hannunsa, zuwa 1958 duk suka shiga ƙarƙashin inuwa ɗaya. Tun a 1930 ya gwada kayan ado: ya ɗauki wata mai sassaƙa, Jessie Van Hallen, ta riƙa ƙera siffofin mata da masu rawa. Sai dai don a rage kuɗi ba a gasa launinsu a wuta ba, fenti aka fesa musu aka bi da wani irin banish. Da farko suna sheƙi, amma bayan shekaru banish ɗin ya koma rawaya, ya tsattsage, ya riƙa ɓarewa. Ki riƙe wannan, zai yi amfani idan an zo maganar wanki.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta hana sayar da tangaran mai ado a cikin gida, dokar ba ta ɗage ba sai 1952. Gidan Wade bai ji a jikinsa sosai ba, don kayan masana'antu ake nema. Bayan yaƙi, da aka shiga sake gina ƙasa da jan lantarki, buƙatar insuleta ta yi yawa har suka sayi wata tsohuwar masaƙa a Portadown, Ailan ta Arewa, suka mai da ita masana'anta. Aka damƙa ta a hannun 'yar Sir George, Iris, da mijinta Henry Straker Carryer. To, a farkon shekarun 1950 sai odar insuleta ta ja baya. Ga injina, ga ma'aikata, ga tanderu da ba a son ya huce, amma babu aiki. Iris ce ta kawo shawarar a buga ƙananan dabbobi da injinan nan, a sayar a farashin da yaro zai iya saya da kuɗin aljihunsa. Aka kai samfurin farko baje kolin masana'antun Birtaniya na 1954, kasuwa ta karɓa.

Yanzu ga yadda ake yin su, domin a nan bambancin yake.

Mafi yawan kayan adon tangaran da kika sani zuba su ake yi. Ana dama yumɓu ya zama ruwa-ruwa, a zuba a mazubin farin filasta, irin wanda ake yin silin da shi. Filastan yana tsotse ruwa, sai yumɓu ya fara daskarewa a jikin bangon mazubin. Idan kaurin ya kai milimita 3 zuwa 4, sai a juye ragowar, a bar ɓawon ya sha iska, a buɗe. Abin da zai fito cikinsa fanko ne, shi ya sa za ki ga rami a ƙarƙashinsa, don iska ta samu hanyar fita kada ya fashe a wuta. Idan siffar na da hannu a miƙe ko ƙafa a ɗage, sai an zuba kowane sashe daban a liƙa. Aikin yana cin lokaci, kuma mazubin filasta yana cinyewa: bayan zubi 'yan gommai zanen gashi da na ido ya fara dushewa, sai an yi sabo.

Wade ba su bi ta nan ba. Sun bi hanyar matsa gari, dabarar da wani Richard Prosser na Birmingham ya yi wa rajista a 1840 don yin maɓallan riga, kamfanin tangaran na Minton kuma suka ɗauke ta don tayil. Ana haɗa kawolin da yumɓu mai danƙo da garin duwatsu iri biyu, felsfa da ƙanƙarar dutse. A tangaran na asali kawolin kan kai kusan rabi, sauran biyun kwata-kwata. Kawolin shi ke riƙe siffa, felsfa shi ke narkewa ya cike ƙofofi, ƙanƙarar dutse kuma ita ce ƙashin. Ana busar da haɗin a niƙe shi ya zama gari, a bar masa ɗan danshi kaɗan, a auna, a zuba a mazubin ƙarfe mai ɓari biyu, inji ya danne shi da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin masu buga bulo ya ga irin aikin: gari mai ɗan laima ya shiga, a matse, abu ya fito a tsaye. Cikin daƙiƙoƙi an gama ɗaya, mazubin ƙarfe kuma yana buga dubbai kafin ya gaji.

Wannan hanya tana da sharuɗɗanta. Mazubin ƙarfe a miƙe yake buɗewa, saboda haka duk wani lungu ko lanƙwasa da za ta riƙe ƙarfen ba ta yiwuwa. Shi ya sa za ki lura yawancin dabbobin a zaune suke ko a kwance, wutsiya manne da jiki, ƙafafu a haɗe, tsakanin ƙafafun kuma a cike da ciyawa ko dutse. Ba rashin gwaninta ba ne, injin ne ya tilasta. Kuma cikinsu a cike yake, ba fanko ba, don haka suka fi ƙarfin girmansu nauyi. A inda ɓari biyun suka haɗu ana samun siririn layi da ya zagaye dabbar; mata ma'aikata ne ke kankare shi da 'yar wuƙa tun kafin gashi, amma idan kika duba da kyau za ki ga sawunsa. Daga nan sai launi da ruwan gilas, wato abin da ke narkewa ya ba tangaran sheƙi da santsi. Jikin tangaran irin wannan sai wuta ta haura digiri 1200 kafin ya nuna, kuma tsakanin bushewa da gashi yakan tsuke da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, don haka tun farko ake sassaƙa mazubin ya fi girman da ake so.

Ruwan gilas ɗin Wade garai-garai yake, ana ganin jiki ta cikinsa. Idan ya narke yakan gangara ya taru a cikin tsagogin gashi ya yi duhu, a kan tudu kuma ya yi haske. Wannan ita ce dabarar da ta sa dabbar da ba a ɓata minti ɗaya a kanta ba take fitowa kamar an zauna an yi mata zane. Ita ce kuma ta sa ba za ki samu biyu masu launi iri ɗaya sak ba: kaurin shafi da wurin da kowanne ya zauna a tanderu suna sauya shi. Masu sayarwa a intanet sukan ɗauki irin wannan bambanci su ce wai launi ne da ba kasafai ake samu ba. Mafi yawan lokuta ba haka ba ne.

Jerin farko, wanda shi ne mai daraja, ya fito daga 1954 zuwa 1959. Kwalaye goma ne, tara masu dabbobi biyar-biyar, na biyar ɗin mai huɗu, jimilla 49, aka raba aikin tsakanin Burslem da Portadown. Kwalin farko na ɗauke da 'yar barewa mai tsalle, doki, kare mai ƙwallo, wani karen mai cukurkuɗaɗɗen gashi, da kurege. Na huɗu na dabbobin Afirka ne: zaki, kada, biri da ɗansa, karkanda, ɗan giwa. Akwai na dawakai, na dabbobin ƙasashen ƙanƙara, na karnuka, na gidan zu mai raƙumi mai tozo biyu, da na Amurka ta Arewa. Na goma na dabbobin gona ne, ya fito a ƙarshe lokacin da ciniki ya fara sanyi, ba a buga shi da yawa ba. Babban dokin noma mai gashi a kofato da farar agwagwar ruwa mai dogon wuya da ke cikinsa su ne aka fi wahalar samu a duk jerin. Waɗannan na farko sun fi na baya siranta da kyan ƙira, wasunsu ma a tsaye suke kan ƙafafunsu, abin da ya sa da yawa suka karye tun a hannun yaran da aka saya wa.

Abin da ya mai da Whimsies kayan kowane gida kuwa shayi ne. A 1967 kamfanin Red Rose Tea na Kanada ya fara saka dabba ɗaya kyauta a cikin kowane kwalin ganyen shayi, jerin farko iri 32. Sai yara suka riƙa matsa wa iyaye a sayi wannan shayin don a cike jeri. Daga 1971 aka shigo da jerin 'yan tatsuniyoyi da waƙoƙin yaran Turawa, iri 24. A Ingila ma aka sake fito da su a shaguna daga 1971 zuwa 1984, iri 60 a jeri goma sha biyu, kowanne a ɗan kwalinsa. Daga 1973 kamfanin Tom Smith ya riƙa saka su a cikin abin wasan Kirsimeti, wata naɗaɗɗiyar takarda da mutum biyu ke ja ta fashe da ƙara, kyauta ta faɗo. A 1983 Red Rose na Amurka ya bi sahu, ya yi ta fitar da jeri bayan jeri, na dabbobi, na 'yan wasan dandali, na jirgin Annabi Nuhu, na watannin shekara, har zuwa 2018 da aka daina sakawa a kwali. An ƙiyasta cewa waɗanda aka rarraba ta hanyar shayi kaɗai sun haura miliyan 300. Tangaran da aka gasa da kyau ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa. Ki auna da kanki: abin da aka buga da wannan yawa, kuma yawancinsa na nan, ta ina zai yi tsada?

Ga wanda ba ya son ajiye siffar mai rai a ɗaki, a 1980 sun fara wani jeri na ƙananan gine-ginen ƙauyen Ingila mai suna Whimsey-on-Why, gidaje da shaguna da makamantansu. Akan ci karo da su a gwanjo su ma.

Hannun dangi ya fita daga kamfanin cikin ɗan lokaci. Sir George ya rasu a 1986 yana da shekara 94, ɗansa Tony wanda ke riƙe da ragama ya bi shi a 1987 sanadiyyar sankarar jini. A 1989 kamfanin Beauford ya saye gidan, sunan ya koma Wade Ceramics, masana'antar Portadown kuma aka sauya mata suna zuwa Seagoe Ceramics kafin daga baya a rufe ta. A 1999 manajoji suka sayi kamfanin. A 2010 aka bar Burslem aka koma sabon gini a unguwar Etruria ta Stoke-on-Trent, lokacin babban cinikinsu ya zama tulunan tangaran na kamfanonin wiski. A Disamba 2022 kamfanin ya durƙushe, ma'aikata sama da 100 suka rasa aiki. Don haka idan ana maganar Wade na dangi, ana nufin abin da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1980.

To, yadda za ki tantance naki. Shimfiɗa tawul a kan tebur, kada ki yi aikin a kan tayil ko siminti. Juya kowanne ki dubi ƙarƙashinsa. Idan kika ga siraran layuka a jere, masu kaushi, babu sheƙi, kuma an rubuta WADE ENGLAND da haruffa masu tudu a gefen gindin ta baya, to wannan na 1967 ne zuwa sama, wato na zamanin shayi. Ana barin ƙasan babu ruwan gilas ne domin in an shafa, zai narke ya manne da faifan tanderu. A cikin waɗannan, wanda ke da launi biyu ko uku, misali jiki ruwan ƙasa, gindi kore ko shuɗi, an ɗiga baƙi a ido da hanci, galibi na Kanada ne ko na shagunan Ingila. Wanda kuwa launi ɗaya ne daga sama har ƙasa, galibi na Amurka ne daga shekarun 1980 ko na Tom Smith na baya-baya, lokacin da aka rage aikin hannu don rage kuɗi. Waɗannan a Ingila ba sa wuce 'yan fam kaɗan kowanne, a tare ma ake yawan sayar da su.

Na shekarun 1950 ba su da waɗannan layukan. Jikinsu ya fi fari, launin a hankali aka shafa shi, gindin siriri ne ko ma babu shi. Tambarinsu na tawada ne, wani lokaci ya dushe, wasu kuma ba su da tambari ko kaɗan, saboda ba wurin bugawa ko kuma 'yar takarda aka manna ta faɗi. Nan ne mutane ke yin asara ta fuska biyu: wani ya yar da na gaske don bai ga suna ba, wani ya sayi na kwaikwayo don an ce masa ai na farko ba su da suna. Abin yi shi ne ki ɗauki hoton dabbar ta gaba, ta gefe da ta ƙasa, ki kwatanta da hotunan jerin 49 ɗin, ki kuma auna tsawo da faɗi da rula. Wanda aka kwafa daga jikin na gaske yakan fito ƙarami, domin shi ma sai ya tsuke a wuta, zanen gashinsa kuma yakan dushe. Idan kwalin asali ya zo tare da su, kada ki yar, ko da ya tsufa. Cikakken jeri a kwalinsa ya fi dabbobi biyar a warwatse kuɗi nesa ba kusa ba.

Akwai gwaje-gwaje masu sauƙi na raba tangaran da roba. Tangaran yana da sanyi idan kika ɗora shi a kunci, kuma idan kika ƙwanƙwasa shi a hankali da cokali yana ba da ƙara mai kaifi. Na roba ko rezin ɗumi-ɗumi yake, ƙararsa a dakushe. Idan kika ga rami a ƙasa kuma abin ba nauyi, to zuba shi aka yi. Wannan bai nuna jabu ne kai tsaye ba, don Wade ma sun zuba manyan kayansu, misali asusun nan masu siffar alade da bankin NatWest ya riƙa ba yara masu ajiya daga 1983. Amma ƙaramar dabba mai tsawon santimita 3 zuwa 5 da aka ce Whimsy ce, a cike ya kamata ta kasance.

Sai duba lahani. Ido kaɗai ba ya isa, ki bi da farce: bakin kunne, hanci, ƙarshen wutsiya, da gefen gindi. Inda ya ɓantare farce zai maƙale, kuma za ki ga fari mai kaushi. Ki bambanta wannan da lahanin masana'anta. Garin da aka matsa kafin a gasa shi yana da saurin marmashewa, sau da yawa ɗan gefe kan ɓalle a hannun mai kankara, a shafe shi da ruwan gilas a haka a gasa. Irin wannan wurin a lotse yake amma da santsi da sheƙi, kuma masu saye ba sa ɗaukarsa da zafi kamar karaya ta baya. Haka ƙananan ƙofofi kamar na allura, da ɗigon ido da ya kauce, duk daga masana'anta ne. Kaya ne na kyauta, ba a tsananta tacewa ba. Gyaran da aka ɓoye kuma fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana tona shi a cikin duhu, domin gam da fenti suna haskawa daban da gilas.

Wanki: roba za ki samu, ba kwanon ƙarfe ba, ki shimfiɗa ƙyalle a ƙasanta. Ruwa mai ɗumi lita ɗaya, ɗigo biyu ko uku na sabulun wanke-wanke na ruwa. Ɗaya bayan ɗaya ake sakawa, domin mafi yawan ɓantarewa daga karo da juna take zuwa. Ki bi tsagogin da buroshin haƙori mai laushi, ki ɗauraye, ki shanya a kan tawul. Kada ki sa soson ƙarfe ko toka ko garin goge tukunya, suna kashe sheƙi. Kada ki jiƙa a bilic: idan akwai tsaga a gilas ɗin yana shiga ciki, ya bushe ya zama gishiri, daga baya ya riƙa tura gilas ɗin yana ɓarewa. Kada kuma a zuba tafasasshen ruwa a kan tangaran mai sanyi. Mai tambarin tawada ko 'yar takarda a ƙasa, goge samansa kawai za ki yi da ɗanyen ƙyalle. Idan kuwa a cikin kwalin akwai manyan siffofin nan na shekarun 1930 masu banish, kada ruwa ya taɓa su sam, busasshen buroshi mai laushi ya isa.

Wanda ya karye gida biyu, idan na talakawan jeri ne kina iya liƙa shi don ado. Goge bakin karayar da auduga da ruwan goge jan farce, bar shi ya bushe, gwada haɗawa ba gam don ki ga yadda ya zauna. Sannan ki dama gam mai haɗi biyu irin Araldite, marar launi, ki shafa kaɗan da tsinken sakace a gefe ɗaya kawai. Yawan gam shi ke hana bakin haɗuwa, ya bar layi mai kauri da ke komawa rawaya. Ki kafa dabbar a cikin kofin yashi ko shinkafa yadda ɓarin da aka liƙa zai zauna a sama da nauyin kansa, ki bar shi kwana ɗaya. Sufagulu yana kamawa kafin a daidaita, kuma yana barin farin hazo a kan gilas. Idan kuwa kina zaton na jerin farko ne, kada ki liƙa. Ki naɗe guntayen daban-daban ki sayar a haka, mai saye ya fi son ya kai wa gwani da kansa a kan ya biya a warware gyaran da aka ɓata.

Ajiya a kabad mai gilashi ta fi, musamman saboda ƙurar hunturu, wadda ke shiga tsagogi ta sa a yi ta wanki ba dalili. In za ki adana su a kwali, kowanne da tasa takarda mai laushi. Jarida tana barin tawada a ƙasansu inda babu gilas. Kuma ko manyan yara kika ba, kada su riƙa sa su a baki, domin tsofaffin launukan tangaran na iya ƙunsar dalma.

Maganar sayarwa, a kasuwanninmu ba a san su ba, don haka kuɗin ado kawai za su yi miki, kuma sun fi tafiya idan kika haɗa su goma-goma ko kika jera masu dangantaka, na daji daban, na gida daban. Masu biyan kuɗin kirki suna Ingila, Kanada da Amurka. Kafin ki sa rai, ki shiga dandalin cinikin intanet na eBay ki nemi sunan dabbar, amma farashin da aka riga aka sayar za ki duba, ba wanda masu kaya suka rubuta suna jira ba, don tsakaninsu akwai rata mai yawa. Sai ki cire kuɗin aikawa da ladan dandalin. Ga na zamanin shayi, kuɗin aikawa kaɗai zai cinye ribar. Wanda ya cancanci wannan wahala shi ne na 1954 zuwa 1959 da ba shi da ko ƙwarzane, musamman dokin noma da agwagwar kwali na goma, ko cikakken jeri a kwalinsa na asali.